Farashi, Ƙarfin Aiki da Zaburarwa: Awon da Ya Kamata a Yi Kafin Sauya Furosesar Kwamfutar Girke

GABATARWA

Duk wanda ya daɗe yana aiki da kwamfutar girke, watau irin wadda ake kafawa a kan tebur ba a yawo da ita, ba zai rasa ranar da zai ga ta fara yi masa nawa ba. Abin da yakan fara zuwa masa a rai kuwa shi ne ƙwaƙwalwarta ta tsufa, a nemo sabuwa. Wannan ƙwaƙwalwa, wadda masu gyara da 'yan kasuwa ke kira furosesa, wani ɗan falle ne na silikon da aka rufe da murfin ƙarfe, faɗinsa duka bai wuce na akwatin ashana ba, amma ita ce ke aiwatar da kowane umurni da manhaja ta bayar. A yawancin kwamfutocin girke ana iya ɗaga ta daga gurbinta a dasa wata, saɓanin na tafi-da-gidanka inda aka like ta da dalma a jikin allo. Wannan dama ce ta haifar da tambayar da maƙalar nan ke son dubawa: idan mutum ya tashi sauyawa, wace zai saya, nawa ya kamata ya kashe, kuma ko akwai riba ya sayi mai araha da niyyar tilasta mata gudun da ya wuce wanda kamfani ya yanka mata?

Wannan tilastawa ita muka kira zaburarwa. Mun aro kalmar daga hawan doki, inda mahayi kan sa wa dokinsa ƙaimi don ya fitar da gudun da ba zai yi da kansa ba. Aron ya dace ta fuska biyu, domin dokin da aka zabura yakan ƙara gudu, yakan kuma ƙara gumi. Ra'ayin da za a kare a nan shi ne, a da zaburarwa ƙofa ce da mai ƙaramin ƙarfi kan bi ya kai ga kayan masu hali, amma ƙofar ta ƙuntata ƙwarai, har ta kai wanda ya gina cinikinsa a kanta yanzu, sau da yawa kuɗinsa ya sa ya sayi zafi.

ABIN DA AKE NUFI DA ƘARFIN AIKI

Furosesa tana tafiya ne bisa bugun wani agogo na lantarki. Kowane bugu dama ce ta yin taki ɗaya na aiki, kuma ana ƙidaya bugun da ma'aunin haz, watau bugu ɗaya a daƙiƙa. Bugu miliyan ɗaya shi ne megahaz, biliyan ɗaya kuwa gigahaz. Furosesar da kamfanin Intel ya fara fitarwa kasuwa a 1971, mai lamba 4004, ko megahaz ɗaya ba ta kai ba, kuma taransista 2,300 ne kacal a cikinta. Kwamfutar da kamfanin IBM ya fitar a 1981 tana gudun megahaz 4.77. A watan Maris na 2000 sai ga Athlon ta kamfanin AMD ta kai gigahaz ɗaya cif. Saboda wannan hauhawa ta kusan shekara talatin, jama'a suka saba ɗaukar lambar bugu a matsayin ma'aunin ƙarfi, kuma ita ce mai kanti ke fara nuna wa mai saye.

Amma lambar bugu rabin labari ce. A ɗauka mata biyu suna daka, ɗaya tana kai 'yar tabarya marar nauyi sau sittin a minti, ɗayar tana kai tabarya mai nauyi sau arba'in. Wanda ke bayan katanga yana jin ƙarar turmi ba zai iya faɗin wadda za ta riga fitar da gari ba. Haka furosesa take: ƙarfinta shi ne yawan bugu a ninka da yawan aikin da take gamawa a kowane bugu, na biyun nan kuwa ba a rubuta shi a jikin kwali. Tarihi ya ba da shaida mai kyau a kan haka. Pentium 4 ta Intel ta kai gigahaz 3.8 a 2004, amma da kamfanin ya fitar da Core 2 Duo a 2006, wadda ke gudun gigahaz 2.4 daga cikinsu ta wuce tsofaffin nan a mafi yawan ayyuka, da ƙarancin wuta kuma. Darasin da ke ciki shi ne, ba a kwatanta lambar bugu sai tsakanin furosesoshi 'yan gida ɗaya, 'yan zamani ɗaya.

Me ya sa gudun ya tsaya hauhawa a wancan lokaci? A 1974 wani injiniya na IBM, Robert Dennard, da abokan aikinsa sun bayyana cewa duk sa'ad da aka ƙanƙanta taransista, ana iya rage matsin lantarkin da take bukata daidai gwargwado, saboda haka a ƙara mata gudu ba tare da zafi ya ƙaru ba. Wannan ƙa'ida ta yi aiki wajen shekara talatin, sa'an nan ta ƙare kusan 2005, lokacin da taransistoci suka yi ƙanƙantar da wuta ke yoyo a cikinsu ko da suna kashe. Intel ma sai da ya fasa fitar da Pentium 4 mai gigahaz 4 da ya yi niyya. Daga nan kamfanonin suka sake dabara: maimakon ƙwaƙwalwa ɗaya mai tsananin gudu, sai suka riƙa dasa da yawa a falle ɗaya. Kowace ɗaya daga cikinsu ita za mu kira cibiya. Masu cibiya biyu sun shigo kwamfutocin girke a 2005, yanzu kuwa ana samun masu shida, da takwas, da goma sha shida, har ashirin da huɗu.

A nan ma akwai tarko. Wani aiki kamar noman gayya yake, iyakar yawan hannu iyakar saurin gamawa. Wani kuwa kamar haƙar rijiya yake, ko mutum ashirin aka tara, ɗaya ne zai shiga ƙasa ya yi haƙa, sauran sai jiran guga. Gene Amdahl ya yi lissafin wannan tun 1967. Alal misali, idan kashi 75 cikin 100 na aiki ne ke rabuwa, sauran 25 kuwa dole a bi su ɗaya bayan ɗaya, to cibiya huɗu za su ninka sauri sau 2.3, takwas sau 2.9, goma sha shida sau 3.4, kuma ko cibiya dubu aka zuba ba za a taɓa wuce ninki huɗu ba. Mai tace fim, irin masu aiki a ɗakunan haɗa finafinan Kano, aikinsa noman gayya ne, kowace cibiya da ya saya za ta ci gumin kanta. Ɗalibin da ke buga kundin digirinsa, ko yake sauraren hirar da ya ɗauko daga ƙauye yana mayar da ita rubutu, ko yake neman kalma a cikin tarin matani, yawancin aikinsa haƙar rijiya ne. Cibiya huɗu ko shida masu lafiya sun ishe shi, ragowar zaman kashe wando za su yi.

Abu na uku da ba a cika kula da shi ba shi ne 'yar ma'ajiyar da ke cikin furosesa kanta, wadda take ajiye bayanan da take yawan bukata don kada ta riƙa aike zuwa babbar ma'ajiyar aiki, watau ram, kamar dai mai girki da ta ajiye gishiri da daddawa a gefen murhu maimakon ta riƙa zuwa ɗaki. A watan Afrilu na 2022 AMD ya fitar da Ryzen 7 5800X3D, wadda aka ninka wa wannan ma'ajiya sau uku, ta zama megabait 96. Gudunta bai kai na 'yar'uwarta 5800X ba, gigahaz 4.5 ne a kan 4.7, kuma kamfanin ya kulle ta, ba a zaburar da ita. Duk da haka ta wuce 'yar'uwar tata nesa a wasannin kwamfuta, ko da yake a wasu ayyukan ta ɗan gaza ta. Wanda ya tsaya ga lambar bugu da ya ce an cuce shi.

FARASHI NA KWALI DA FARASHI NA GASKIYA

Za mu ba da farashi da dalar Amurka kamar yadda kamfani ya sanar ran fitarwa, tun da canjin naira ba ya zama wuri ɗaya. A ƙarshen 2022 Intel ya fitar da Core i5-13600K a kan dala 319, da Core i9-13900K a kan dala 589. Ta farko tana da cibiya 14, ƙarshen gudunta gigahaz 5.1, ta biyun tana da 24, ƙarshen gudunta 5.8. Watau an ƙara kuɗi da kusan kashi 85 cikin 100, gudu kuwa ya ƙaru da kamar kashi 14. Ga mai aikin gayya ƙarin cibiyoyin nan goma na iya biyan kuɗinsu. Ga mai haƙar rijiya kuwa, kashi 14 ɗin nan shi ne kusan duk abin da ya saya, kuma da wuya idonsa ya ga bambancin. Wannan tsari ba na wannan zubi kaɗai ba ne. A kowane zamani taki na ƙarshe zuwa ƙololuwa shi ya fi tsada, shi ya fi ƙarancin riba, domin kamfani ya san akwai masu sayen suna.

Sai dai kuɗin furosesa ba shi ne kuɗin sauyi ba. Furosesa tana zama ne a gurbi a kan babban allon da ya haɗa dukan sassan kwamfuta, wanda masu gyara ke kira madabod, kuma kowane gurbi da irin waɗanda yake karɓa. Idan sabuwar ba ta shiga tsohon gurbi, sai an sayi sabon allo. Idan sabon allon ba ya karɓar tsohon ram, shi ma sai an saya. Gurbin AM5 da AMD ya fitar a 2022, da LGA1851 da Intel ya fitar a 2024, duka ram nau'in DDR5 kaɗai suke karɓa, saboda haka mai DDR4 da ya nufe su abu uku zai saya, ba ɗaya ba. Sa'an nan furosesoshi masu ƙarfi da yawa ba sa zuwa da abin sanyaya su a cikin kwali, wata kuma sai an sauya akwatin da ke rarraba wuta kafin ta samu abin da zai ishe ta. Mutum ya fita sayen linzami, ya dawo da doki da sirdi.

Saboda haka tambayar farko ita ce: mece ce mafi ƙarfi da allona na yanzu zai ɗauka? A nan kamfanonin biyu sun bambanta. Intel ya saba sauya gurbi bayan zubi biyu ko uku. AMD kuwa ya riƙe gurbin AM4 tun 2016 har shekaru da dama, ta yadda wanda ya sayi allo da Ryzen ta farko a 2017 yakan iya dasa ta zubin 5000 a kansa, muddin ya sabunta 'yar manhajar da ke tashin allon, wadda ake kira bayos. Irin wannan sauyi, furosesa kaɗai ba allo ba ram, shi ne mafi riba da ake samu. Amma a yi hattara da sunan gurbi. Gurbin LGA1151 na Intel ya yi hidima ga zubi na shida da na bakwai, sa'an nan aka ci gaba da sunan ga na takwas da na tara, ga fil iri ɗaya, ga girma iri ɗaya, amma allon na farkon ba ya tashi da na bayan. Furosesa za ta zauna daram a gurbi, a kunna, shiru. Abin da ke raba gardama shi ne jerin furosesoshin da maƙerin allo ya wallafa cewa allonsa na karɓa, a duba shi kafin a ƙirga kuɗi.

Wannan gargaɗi ya fi shafar mu, domin kwamfutocin girke da yawa da ke ofisoshi da gidajenmu na hannu ne, waɗanda ma'aikatun ƙasashen waje suka gama da su. Irin waɗannan sukan karɓi sauyi a cikin zubinsu, a cire i3 a sa i5 ko i7 'yar zamaninta, amma bayos ɗinsu a kulle yake, akwatinsu ƙarami ne, wutarsu kuma a auna take. Akwai kuma batun manhaja: kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, Windows 11 kuwa a hukumance tana neman Intel zubi na takwas ko Ryzen 2000 zuwa sama. Wanda ya kashe kuɗi ya ɗaga kwamfutarsa daga i3 zuwa i7 a zubi na shida ya ƙara ƙarfi, amma yana nan a bayan wannan shinge.

Kafin duk wannan ma, ya kamata a tabbatar furosesar ce ke da laifi. Windows tana da taga mai nuna yawan aikin da kowane sashe ke yi. Idan kwamfuta na nawa alhali furosesa ba ta ko kai rabin ƙarfinta ba, faifan ajiya kuwa ya cika ɗari bisa ɗari, to tsohon faifai mai juyawa shi ne ciwon, maganinsa kuwa ma'ajiyar SSD, wadda kuɗinta bai kama ƙafar na furosesa ba.

ZABURARWA

Dalilin da ya sa zaburarwa ke yiwuwa tun asali yana cikin yadda ake ƙera furosesa. Ana buga ɗaruruwa a kan faifan silikon ɗaya, amma ba sa fitowa daidai da juna, kamar dai tukwanen da aka gasa a wuta ɗaya. Sai a gwada kowace, a ware, masu jure gudu a sa musu babban suna da babban farashi, saura a sa musu ƙarami. To amma kasuwa ta fi neman masu araha, saboda haka idan ƙira ta yi kyau, kamfani kan ɗauki masu ƙarfi ya rage musu gudu ya sayar da ƙaramin suna don cike oda. Mai zaburarwa yana farautar wannan rarar ce. Gudun furosesa kuwa abu biyu ne ke haifar da shi, bugun tushe da allo ke bayarwa da adadin da furosesa ke ninka shi, saboda haka ɗayan biyun nan ake taɓawa.

Al'adar ta daɗe. Kwamfutar IBM AT ta 1984 tana gudun megahaz 6, masu ita suka gano cewa idan aka sauya ɗan ƙarau mai ba da bugu sai ta yi 8, har sai da IBM ya sa bayos ya riƙa bincikar gudu ya ƙi tashi. Amma labarin da ya fi shahara shi ne na Celeron 300A ta 1998. An kulle ninkinta a 4.5, an ce a ba ta bugun tushe na megahaz 66, ta yi 300. Masu allon da ke ba da dama suka ɗaga bugun tushen zuwa 100, sai ga ta tana 450, kuma mafi yawansu sun jure ba tare da wata wahala ba. Ƙarin kashi 50 cikin 100 ke nan a kyauta. Furosesar da kuɗinta ke kusa da dala 150 ta riƙa kafaɗa da kafaɗa da Pentium II mai megahaz 450, wadda kuɗinta ya haura dala 600. A wajen 2000 kuma aka gano cewa wasu Athlon da Duron na AMD ana buɗe kullensu da fensir, a ja layi tsakanin wasu 'yan ɗigogi a samansu, baƙin fensirin ya haɗa wutar da kamfani ya yanke. Wannan zamani ne ya kafa wa zaburarwa suna, kuma sunan ne ke yawo har yanzu bayan abin da ya haife shi ya shuɗe.

Kamfanonin ba su yi barci ba. Da farko sun mayar da zaburarwa haja. Tun daga zubin 2011 Intel ya ɗaure bugun tushe a megahaz 100 ta yadda taɓa shi kan rikita sauran sassa, ya buɗe ninki ga masu harafin K kaɗai, su ma sai a kan allo mai tsada, wanda a zubin baya ake gane shi da harafin Z. A farkon lamarin cinikin ya yi kyau: Core i5-2500K ta 2011 dala 11 kawai ta ɗara 'yar'uwarta kullalliya, kuma daga gigahaz 3.3 da aka rubuta mata, da yawa sun kai 4.5 da fanka kawai. Sa'an nan kamfanonin suka yi abin da ya fi wannan tasiri, watau suka koya wa furosesa ta zaburar da kanta. Tun 2008 Intel ya shigo da tsarin da ya kira Turbo Boost, AMD ma yana da irin nasa. Furosesa tana auna zafinta da wutar da take sha sau da yawa a kowace daƙiƙa, ta ɗaga gudu iyakar abin da hali ya bari, ta sauke idan ta ji zafi. Rarar da mai zaburarwa ke farauta a da, kamfani ya riga ya kwashe ya sa a farashi. A Janairun 2023 Intel ya sayar da furosesar da ke kai gigahaz 6 daga kwali ba tare da an taɓa ta ba. Shaidar ƙuntatar ƙofar ta fito daga cikin sana'ar kanta: wani kamfani a Amurka mai suna Silicon Lottery, wanda cinikinsa shi ne ya sayi furosesoshi ya gwada ya ware masu jure zaburarwa ya sayar da tsada, ya rufe a Oktoban 2021, kuma cikin dalilan da ya bayar har da cewa rarar ta ragu. Gaskiya ne a Disamban 2022 an kai wata 13900K gigahaz 9, amma da ruwan iskar hiliyom aka sanyaya ta, na ɗan lokaci ƙanƙane. Wannan sukuwar sallah ce, ba tafiyar fatauci ba.

Yanzu sai mu duba abin da ake biya. Wutar da furosesa ke sha tana ƙaruwa daidai da gudu, amma game da matsin lantarki, ninkinsa a kansa take bi. Ƙarin gudu kuwa a kusa da ƙololuwa ba ya samuwa sai da ƙarin matsi. A ce an ƙara gudu da kashi 10 cikin 100, aka ɗaga matsi daga bolt 1.20 zuwa 1.32, watau shi ma kashi 10. Lissafin shi ne 1.1 sau 1.1 sau 1.1, ya ba da 1.33. Furosesar da ke shan wat 150 ta koma shan kusan 200, don aikin minti goma ya koma minti tara da 'yan daƙiƙoƙi. Kowane wat kuwa zafi yake zama, kuma dole a fitar da shi. Ita 13900K ko ba a taɓa ta ba an yarda ta sha har wat 253, saboda haka mai son ƙara mata sai ya tanadi sanyaya ta da ruwa.

A wannan gaɓa yanayin ƙasarmu ya shigo lissafi, ba don ado ba. Fanka da ƙarfen shan zafi ba sa ƙirƙirar sanyi, zafin furosesa kawai suke miƙa wa iskar ɗaki, saboda haka duk digirin da ɗaki ya ƙaru, furosesa ma ta ƙaru da kusan haka. Masu gwaje-gwajen da muke karantawa a intanet galibi suna aiki ne a ɗakin da bai wuce digiri 25 a ma'aunin salshiyas ba. A Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai, a watan Afrilu, zafin rana kan haura 40, ɗakin da ba na'urar sanyaya iska kuwa ba ya nisa da haka. Furosesar da mai gwaji ya gani a digiri 82 za ta iya kai 97 a wurinmu, iyakar da kamfanonin suka sa kuwa tana tsakanin 90 da 100 ga mafi yawansu, inda furosesa ke rage gudu da kanta don tsira. Watau mutum ya zabure ta, zafi ya ja mata linzami, ta koma inda take ko ƙasa da haka. Ƙurar hunturu kuma tana toshe tsakanin haƙoran ƙarfen shan zafi cikin 'yan makonni. Ga wanda ke kan inbata akwai wani lissafin: ƙarin wat 50 na awa takwas wat-awa 400 ne, batir mai bolt 12 da amfiya-awa 200 kuwa, idan irin na dalma ne da ba a son a sha fiye da rabinsa, wat-awa 1,200 yake bayarwa. Sulusin batir ya tafi a kan ƙarin kashi 10.

Akwai kuma lalacewar da ba a gani. Matsin lantarki mai yawa tare da zafi suna cin siraran hanyoyin da ke cikin furosesa sannu a hankali, har wadda ke jure wani gudu bara ta kasa jure shi bana. A 2024 Intel ya amsa cewa wasu furosesoshinsa na zubi na 13 da na 14 suna rikicewa saboda matsin da ya wuce kima, ba tare da masu su sun zaburar da su ba, ya fitar da gyaran manhaja, ya kuma ƙara musu garanti na shekara biyu. Idan kamfani da injiniyoyinsa zai iya zarce iyaka, sai mai taɓa bayos a ɗakinsa ya san kusancinsa da bakin rami. Shi kuma garanti ba ya rufe ɓarnar zaburarwa, inshorar da Intel ke sayarwa dominta ma ya daina sayar da ita a 2021. Mafi muni ga mai nazari shi ne, furosesar da ke gab da iyakarta ba kullum take mutuwa a fili ba. Wani lokaci kuskure ɗaya take yi a cikin lissafi biliyan, fayil ya lalace a ajiye, ba a sani ba sai ranar da aka zo buɗe babi na huɗu.

Saboda wannan ne masu sha'awar abin da yawa suka juya akalarsu, suka koma rage matsi maimakon ƙara gudu. Tun da furosesar zamani zafi ne ke tsayar da ita, idan aka ɗan rage mata matsin lantarki sai ta yi sanyi, ta daɗe a kan babban gudunta, wani lokaci ma ta fi yadda ta fito daga kwali. Haka nan ana iya yanka mata iyakar wuta a bayos. Ryzen 9 7950X an yarda ta sha har wat 230, amma idan aka sa ta a tsarin tsimi da AMD ya tanada, ƙarfin da take rasawa kaɗan ne idan aka kwatanta da wutar da aka tsira da ita. A ganina wannan ita ce taɓawar da ta dace da ɗakin da ke digiri 38.

Wanda zaburarwa ke yi wa rana har yanzu shi ne mai tsohuwar furosesa mai K, ko tsohuwar Ryzen, a kan allon da ke ba da dama, garanti ya riga ya ƙare, kuɗin sauyi kuma bai samu ba. Shi ba abin da zai saya, kuma rarar zamanin da tana nan a cikin kayansa. Sai ya share ƙura, ya sabunta man da ake shafawa tsakanin furosesa da ƙarfen shan zafi, ya riƙa ɗaga ninki taki ɗaya ɗaya, bayan kowane taki ya sa ta aiki mai nauyi da manhajar gwaji irin su Prime95 na awa ɗaya ko fiye yana kallon zafi, ya yi gwajin da azahar ba da asuba ba, inda ta fara kuskure ya koma baya taki biyu. Mai sayen irin wannan furosesa ta hannu kuwa ya tuna ba ya ganin abin da mai ita na farko ya yi mata. Kada ya yi cinikin biri a sama: a dasa ta a kanti a gabansa, a ɗora mata aiki mai nauyi na rabin awa, ya ga ko tana riƙe gudun da aka rubuta mata, ya kuma duba fil ɗinta a haske in Ryzen ce ta gurbin AM4, ko fil ɗin gurbin allo in ta Intel ce, kafin kuɗi su bar hannunsa.